Dodon Hoton Inna

Azumin bana a sama ya same ni, hawa na goma sha huɗu, a wata unguwa da ake kira Wangsa Maju a Kuala Lumpur. Wankan jego na zo yi wa autata Bilkisu, wadda ke karatun digiri na uku a nan ita da mijinta, da niyyar in an yi arba'in in tattara komatsaina in koma Katsina. Ana saura mako biyu korona ta rufe duniya. Aka hana jirage tashi, aka kulle masallatai, aka ce mutum ɗaya tak zai riƙa fita cefane daga kowane gida. Surukina ke fita da takunkumi a fuska, in ya dawo Bilkisu ta tsare shi a bakin ƙofa tana fesa wa ledojin magani, shi kuma yana tsaye kamar wanda aka kama da akuyar mutane.

Kullen bai dame ni sosai ba, don mace irina ta san zaman gida tun kafin a haifi masu kafa dokar. Ruwa ne ya ɗaure min kai. Kusan kullum in la'asar ta gabato sai gari ya yi baƙi ƙirin ta wajen duwatsun da ke bayan unguwar, iska ta ɗaga labule, a saki tsawa har gilashin taga ya amsa, sannan a zuba ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ina zaune da bakin azumi ina kallonsa yana gangarewa cikin magudana, babu mai tara ko bokiti. Jirgin ƙasansu da ke bi ta saman titi ya zo ya ratsa ruwan, fitilu a kunne, kujeru babu kowa. Gobe a sake zuba wani. Na tambayi surukina wane wata ne raninsu, ya yi dariya ya ce, "Hajiya, ai nan ba su da shi." Na koma jan carbina.

Kwana arba'in ina yi wa Bilkisu wanka safe da yamma, ban hura wuta ko sau ɗaya ba. Maɓalli ake dannawa ruwan zafi ya zo, ya yi ta zuwa har ke ki gaji. Ganyen bedi, wanda Kanawa ke ce wa darbejiya, wajen Indiyawan unguwar Sentul aka samo mana kafin kulle, da ya ƙare muka ci gaba da tawul.

Jaririyar sunan mahaifiyata aka sa mata, don haka bakina ba ya iya kiransa, Ummi muke ce mata. Ranar uku ga azumi Bilkisu tana shayar da ita, ta ɗago kai ta ce, "Mama, wai ya kamannin Inna suke? Fara ce ko baƙa? Ba ki taɓa describing ɗinta ba, ko sau ɗaya."

Na san muryarta. Na san ƙanshin man shanun da take shafa wa kitsonta, na san kaushin tafin hannunta, na san tana da bille guda a kuncin hagu. Amma da na rufe ido zan haɗa fuskar sai ta ƙi haɗuwa. Shekara arba'in da shida rabona da ita, ban kuma san ranar da fuskar ta fice daga kaina ba. Tsoro ya kama ni ƙwarai, don duk wanda ya san ta ya riga mu gidan gaskiya, saura ni kaɗai, ga shi ni ma na sake ta.

"Tana cikin gwangwanin babanku," na ce.

Wani tsohon gwangwanin biskit ne da Bilkisu ta nace sai na zo mata da shi. Mahaifinta, Allah ya ji ƙansa, mai hoto ne a Jibiya, bakin iyakarmu da Nijar, kuma abin da ke cikin gwangwanin dodannin hoto ne, wato takardar farko da ake ɗauka, wadda baƙi ke fitowa fari, fari ya fito baƙi. Fuskar mutum ta yi fari fat, haƙoransa da idanunsa su yi baƙi, ko uwar da ta haife shi ba za ta gane shi ba. Bilkisu ta ce akwai wani shago a unguwar Masjid India da ke gyara tsofaffin hotuna, za mu kai bayan arba'in. Kulle ya rufe shagon. Da muka ɓalle murfin a ranar sai warin danshi ya buge mu. Takardun da suka yi shekaru lafiya lau a busasshiyar ƙasarmu, wata uku a nan sun fara mannewa da juna, fumfuna ta fara cin gefensu.

"Mama, in muka ce sai kullen nan na MCO ya ƙare, these things are gone," in ji Bilkisu. "Amma tsaya. Hoton Inna yana nan duk shekarun nan, ba ki taɓa sa Baba ya wanke miki ba?"

Ban san ta ina zan fara ba ta amsa ba, sai dai ta bazarar shekarar fari.

Shekarata goma sha takwas, shekara ɗaya a ɗakin Malam babanku a Jibiya, da cikin fari. Damina biyu ke nan ruwa na yaudarar mutane, a yi shuka, ta tsiro ta kai tsawon hannu, ta ƙone a tsaye. Garinmu yana can arewa da Maraɗi, kuma bisa al'ada can ya kamata in tafi goyon ciki in haihu a gaban Inna. Sai ya zamana garin ne ya taso ya zo wurina. Wata safiya na ji sallama a ƙofa, na leƙa, ga Inna da ƙullin kaya a ka, ƙafafunta duk sun tsattsage. Babanmu ya daɗe da rasuwa, ita kaɗai ta biyo ayarin mutanen garin.

Ban taɓa ganin taron mutane irin na bazarar nan ba, ban kuma sake gani ba sai a Arafa. In kika hau tudun bayan gari kika duba arewa, hanyar Maraɗi ba ta yankewa. Buzaye dogaye da rawani, waɗanda aka ce da garken raƙuma suka baro gida, suna janye da guda ɗaya tilo. Fulani da sanda a kafaɗa babu ko ɗan maraƙi a gabansu. Mata ɗauke da turmi, alhali babu abin dakawa. Abin da ya fi tsaya min a rai shirun ne. Mutane iya ganinki suna tafe, ba kya jin komai sai ƙarar ƙafa a yashi, yaran ma sun daina kuka. Nakan tsaya da tuluna in yi ta kallo har Inna ta ce, "Ke, mu tahi."

Haka take kirana, ke. Ni ce 'yar farinta, ba ta faɗar sunana, ba ta kallon idona a gaban mutane.

Zafin kuwa kafin hantsi ƙarfen guga ba ya taɓuwa. Rijiyoyin unguwa duk sun ƙafe, ruwa sai a gulbi, inda ake tona yashi tsawon mutum a zauna a jira ya tsattsafo kaɗan-kaɗan, a kwashe da ludayi. Muna idar da sallar asuba za mu fita ni da Inna, ba mu dawowa sai rana ta take, da tulu biyu, ita babba ni ƙarami. Tulu ɗaya na sha da girki da alwala. Ɗayan na aikin Malam ne, babu mai taɓa shi.

Gero ya zama abin labari. Akwai wata jar dawa ta taimako da ake rabawa jefi-jefi, tuwonta ba ya kama jikinsa, ga shi yana ƙulle ciki. Inna ce ta riƙe gidan. Ta san anza, 'ya'yan wani ɗan itace masu ɗacin tsiya da sai an jiƙa su kwana da kwanaki kafin su ciwu, kuma ta san yadda za ta yi da ruwan da bai kai ya kawo ba. Ta san tona gidan tururuwa a kwashe ɗan hatsin da suka tara. Ta san sussuka ƙarangiya a fitar da ƙwayar cikinta, aikin da ke barin hannu jina-jina. In ta dafa ta zuba wa Malam, ta zuba min da yawa, ta ce ita ta ci nata a bakin murhu. Ina yarda, don ina son in yarda.

Na'urar Malam akwatin katako ce mai ƙafa uku, da ido a gaba, da baƙin hannun riga a baya inda yake zura hannunsa. Komai a cikin akwatin ake yi. Ya zaunar da mutum, ya cire murfin idon, ya ƙirga uku, ya mayar. Ya zura hannu ya tsoma takardar a magani, dodo ya fito. Sai ya kafa dodon a gaban idon ya sake ɗaukarsa, a nan ne hoton gaske ke fitowa, a ba mai shi ya tafi da abinsa, dodon ya rage a wurinmu. Sau ɗaya ya bar ni na sa ido a ɗan jan gilashin da ke saman akwatin. Na ga farar takarda kwance cikin ruwa, babu komai a kanta. Sai inuwa ta fara tasowa, sai kafaɗu, sai ga mutum. Gabana ya faɗi, na ja da baya ina salati. Malam ya yi ta yi min dariya har mako guda, amma ni har yau ban daina ganin abin a matsayin ikon Allah ba.

Aikina shi ne ɗauraya. Hoto in ya fito daga magani sai an ɗauraye shi sosai, in ba haka ba maganin da ya rage a jikinsa zai yi ta cinsa a hankali har ya goge. Dokar Malam kwano uku ce, kowace takarda ta bi ta ukun. Ruwan kuma in ya sha magani ko akuya ba a ba.

Wata safiya rediyon Malam ya kama Yamai, ba a komai sai kiɗan soja. Can aka ce sojoji sun kifar da gwamnati. Maza suka cika ƙofar gidanmu suna saurare, wasu na murna, wasu na cewa a dai jira a gani. Ba a yi kwana goma ba labari ya game gari cewa sababbin masu mulkin sun buɗe rumbuna, motoci na kai hatsi da iri ƙauyuka, kowa ya koma gida kafin ruwa ya sauka. Aka kuma ce a shingen iyaka sai da takarda mai hoto. Hanyar nan da ta yi watanni tana zubo mutane kudu ta juya, kuma duk wanda zai bi ta sai ya fara biyowa ta ƙofarmu.

Malam ya riƙa aiki daga fitowar rana har haske ya ƙare. Yawancinsu ba su da abin biya, mu kuma ba mu da ruwan wanki, sai ya ce duk wanda ba shi da komai ya je gulbi ya zo da ƙwaryar ruwa. In na leƙa da safe sai in ga layi har ya sha kwana, dattawa masu furfura, matan Buzaye, manoman da suka fi Malam gona a da, kowa riƙe da ƙwaryarsa da hannu biyu, leɓɓansa a bushe, ba ya kurɓa. Na ga wani tsoho ya yi tuntuɓe rabin nasa ya zube, mutum uku suka ɗiba daga nasu suka cika masa.

Duk da haka ruwan ba ya isa. Sai na yi dabarar da Malam bai sani ba. Hoton da mai shi zai tafi da shi in bi da shi kwano uku, dodon kuwa in tsoma shi sau ɗaya in shanya in jefa a gwangwani. Wa zai sake nemansu? Ran da layi ya yi sauƙi kuma Malam ya ɗora akwatinsa a keke ya tafi shingen iyaka, ya ɗauko motocin hatsi, da sojoji, da mutanen da ke jira a rana. Na ce masa ɓarnar takarda da ruwa ce kawai. Ya ce wata rana za a ce ba a yi ba.

Cikina yana wata takwas Inna ta same ni ina shanya hotuna ta ce, "Gobe za ni bi motar Maraɗi."

"Inna, saura wata guda fa."

"Na sani. Gonar ubanki in ba a sa mata iri bana ba, baɗi ba tamu ba ce, dangi za su ce ba ta da mai ita. Ko na zamna, da wane ruwa za ni yi miki wankan? In na yi shibka na yi noman hwari, ina dawowa kahin arba'in."

Na yi fushi irin na mai ciki 'yar shekara goma sha takwas. Na ce gona ta fiye mata ni. Ba a gabanta na faɗa ba, amma na faɗa da ƙarfin da za ta ji.

Washegari Malam ya so ya ɗauke ta tun farko, ta ƙi, ta ce ba za ta tsallake mutane don tana surukar mai hoto ba. Ta je gulbi ta zo da ƙwaryarta ta bi layi kamar kowa. Da aka zo kanta Malam ya leƙo ya ce in fito, na ce aiki ya yi min yawa. Na zauna a tsakar gida na ba ƙofa baya, ana miƙo min takardu ina tsomawa ba na dubawa. Nata ya bi ta hannuna a cikinsu, ban san wanne ba ne. Da azahar ta shigo ta ɗauki ƙullinta, ta tsaya a bayana ta ce, "Ke, na tahi." Na ce to. Ban juya ba.

Bayan mako uku ruwa ya sauka. Tun da rana iska ta tsaya cak, gabas ta haɗe, sai ƙanshin ƙasa ya riga ruwan isowa. Da ɗigon farko ya bugi kwanon rufinmu duk unguwar ta fito. Tsofaffi na kuka, maza na kabbara, yara sun buɗe baki sama. Na tsaya da tsohon cikina a tsakar gida har zanena ya manne a jikina, ina jin ruwa na bin bayana, abin da na manta daɗinsa. Kwana tara da haka na haifi yayanku. Maƙwabciyarmu ce ta yi min wanka, da ruwan sama, har ya yi saura.

Daminar ta yi albarka. Inna ta yi shukarta, ta yi noman fari. Ana tsakiyar damina, saura kwana shida in yi arba'in, wani ɗan garinmu ya zo da saƙo cewa amai da gudawa ya shiga garin, kwana biyu ta yi. An ce geronta ya fi na kowa kyau a shekarar, dangi suka girbe. Takardarta mai hoto ba a san inda ta shiga ba. Sau biyu Malam yana cewa in zo mu zazzage gwangwanin mu nemo ta ya wanke min, ina cewa a'a. Fushin ya daɗe da wucewa, kunya ce ta hana ni, ban san da wane ido zan kalle ta ba. Daga baya kyamarori masu fim suka shigo, gara ta cinye akwatin, Malam ma ya tafi.

Da na gama, sai Bilkisu ta kwantar da Ummi, ta ɗauko wayarta ta ce, "Akwai wani setting da ke juya kala, baƙi ya koma fari. Let me try something." Ta shimfiɗa dodo ɗaya a kan farin faranti kusa da taga, ta saita wayar a kansa, ta miƙo min.

Wani Buzu ne yake kallona. Rawaninsa baƙi, idanunsa farare tas, har zufar da ke kan karan hancinsa ana gani. Na kawar da wayar, ga dodo a faranti, farar fatalwa. Na mayar, ga mutum. Na san shi ma. Shi ne wanda ya roƙi Malam ya ɗauke shi tare da raƙuminsa, aka ce takardar iyaka ba ta ɗaukar raƙumi. Tsikar jikina ta tashi irin yadda ta tashi ran da na leƙa jan gilashin nan, sai dai wannan karon babu mai yi min dariya.

Muka mayar da shi aikin azumi. Surukina ya haɗa wayar da talabijin ɗin falo. Kullum bayan azahar, kafin hadari ya cinye hasken, ni in raba takardun da bakin wuƙa a hankali, Bilkisu ta ɗauka ta juya kalar, fuska ta cika bango. Mutanen layin nan suka riƙa shigowa falonmu ɗaya bayan ɗaya, a hawa na goma sha huɗu, a ƙasar da ba su taɓa jin sunanta ba. Ƙasusuwan wuya a waje, riguna duk faci, amma kowa ya gyara zama, ya ɗaga haɓa, ya tsare idon akwatin da kallo. Wata ta aro ɗankunne guda ɗaya ta sa. Wani ya gyara hularsa har ta karkace. Yunwa ta cinye musu komai ta bar musu wannan, kuma a lokacin ban lura ba, ina can ina lissafin ruwa.

Surukina ya ajiye rubutun digirinsa ya dawo kallo, musamman na shingen iyaka. "Hajiya, wannan fa history ne," in ji shi. "Irin wannan archive ake kai shi." Na ce ya bari a nemo min uwata tukuna, sannan ya kai duk inda yake so.

Ba duka suka fito ba. Wasu sun yi ruwan ɗorawa, rabin fuska ya tafi. Wasu babu komai sai inuwar kafaɗa. Duk wanda na ga ya dushe na san aikin hannuna ne, tsomi ɗayan nan ne. In an zo kan dattijuwa mai bille a hagu sai in ce a tsaya, in matsa har hancina ya kusa taɓa gilashi. Sau uku ana tsayawa, ba ita ba ce. Ran sha huɗu ga azumi muka kai ƙasan gwangwani. Guda ashirin da wani abu sun goge sarai, na kuma tabbatar wa kaina tana cikinsu. Na ƙi juyawa in kalle ta da ranta, na kuma hana hotonta ruwa. A ranar ko kunun shinkafar da maƙwabciyarmu 'yar ƙasar nan ke rataya mana a ƙofa ban iya sha ba, dabino ɗaya na ci na tashi.

Washegari surukina ya sake buɗe hoton wata motar hatsi, yana so ya karanta abin da aka rubuta a ƙofarta. Ya karkata kai, ya ce, "Rubutun nan a juye yake, kamar a madubi. Bari in yi flipping ɗinsa."

Ina daga kan darduma na ji maganar ta shige ni. Dodo ba kala kaɗai yake juyawa ba, har dama da hagu yake juyawa, sai an yi ɗauka ta biyu komai ke komawa wurinsa. Malam ya sha faɗa min. Ni da na ɗauraye su da hannuna har fatata ta saɓule, na manta.

"Bilkisu, koma farko," na ce. "Mai bille a dama za mu nema."

Ba mu yi nisa ba. Tana cikin na rana ta biyu, wadda na ce a wuce, wannan yarinya ce. Gefen takardar ya yi ruwan ɗorawa, kafaɗa ɗaya ta goge, amma fuskar tana nan. Surukina ya juya hoton, billen ya koma hagu, sai komai ya faɗa wurinsa lokaci guda, goshin, da ɗaurin kallabin, da yadda take matse leɓɓanta in tana jin kunya. Wankan tarwaɗa ce, doguwar fuska, kyakkyawa ƙwarai. Wuyanta ya rame har ya ba ni tsoro, wuyan mai cewa ta ci nata a bakin murhu.

"Inna ce," na ce.

"Mama, wannan ai ba ta girme ni ba."

Na lissafa. Tana da goma sha bakwai ta haife ni. Talatin da biyar ke nan, shekara ɗaya ta ba Bilkisu. Duk tsawon rayuwata tsohuwa nake ɗauke da ita a raina, tsohuwa na yi wa fushi, tsohuwa na yi kwana goma sha ɗaya ina nema. Ashe yarinya ce da ta rasa miji, ta taka daga bayan Maraɗi a ƙafa, ta ciyar da gidan suruki da ƙarangiya, ta koma ita kaɗai ta riƙe gona. Yanzu na isa in haife ta.

Hadari ya fara haɗowa a waje, falon ya yi duhu-duhu, fuskar ta ƙara haske a bango. Bilkisu ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Amma me ya sa ita ba ta kallon kyamara? Duk sauran suna kallo."

Gaskiya ne. Malam ba ya cire murfi sai mutum ya tsayar da ido a kan akwatin, in ya kauce ya daka masa tsawa ya sake. Surukarsa ce kaɗai ba zai iya yi wa tsawa ba. Fuskarta tana gaba kamar yadda aka ce ta yi, amma idanunta sun tafi gefe, gefen billen. Na rufe ido na tsayar da wurin a raina. Bencin da ake zaunar da mutane yana gindin bedin da ke gefen gidan, baƙin zane a rataye a bayansa. Ƙofarmu tana hannun hagun wanda ya zauna. In a buɗe take, kuma a buɗe take wuni saboda miƙo hotuna, daga kan bencin ana hango tsakar gida, daidai inda nake jera kwanonin ɗauraya.

"Bayana take kallo," na ce.

A talabijin ɗin, idanun nata sun nufi wajen ƙofar kicin, inda babu kowa sai kwandon kayan Ummi. Na dafa gwiwa na tashi da ƙyar, na zagaya ta bayan kujera, na ture kwandon da ƙafa. Na tsaya a wurin, na juyo.